Tumbin da ya biyo bayan ɗaukewar al'ada, yana tafiya ko in haƙura?

Maman Sadiƙ, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Na daɗe ina son kawo maganar nan, nauyi yake hana ni, to yau dai abin ya ishe ni. Shekarata 52. Al'adata ta fara yi mini wasa tun ina da 48, ta zo wannan watan, ta ɓace wata uku, yanzu kuwa shekara biyu ke nan cur ban sake ganin ta ba. Tun daga lokacin cikina ya soma fitowa. Ba duk jikin ne ya yi ƙiba ba. Hannuwana da cinyoyina ma gani nake kamar sun zube, amma daga ƙasan ƙirji zuwa mara komai ya taru ya tsaya. Haihuwata bakwai, kuma duk haihuwar da na yi, kafin in gama wanka cikina ya koma. Wannan kuwa ya ƙi.

Abin da ya sa na kasa daurewa, satin da ya wuce mun je biki Makka, wata baiwar Allah da muka taɓa zaman unguwa ɗaya ta riƙe hannuna a gaban surukata ta ce "Allah ya raba lafiya". Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma har muka dawo Jidda ban ce uffan ba a mota, da na shiga ɗaki sai da na yi kuka.

Wata uku ke nan ina fama. Na daina karin kumallo, sai shayi. Na sayi wani haɗin ganye a wurin attar, wato mai sayar da ganyen magani, ina sha safe da dare. Ina ɗaure cikin da bel har yakan bar mini sawu a fata. A sikeli kilo biyu ne ya sauka, tumbin yana nan inda yake, ga kasala, ga jiri in na ɗago daga sujada. Don Allah wadda ta bi ta wannan hanya ta gaya mini gaskiya.

Hajiya Inna, Makka

Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Ni na ba 65 baya, kuma abin da kika faɗa duk na gani a jikina. Girma ne ya zo, ba ciwo ba. Kakata da ta taho ƙasar nan a ƙafa ta Sudan, ta hau jirgin ruwa a Sawakin, da tumbinta na san ta, kuma ta ga jikokin 'ya'yanta. Ki dubi ni'imar da ke ciki mana. Azuminki talatin cif babu ramuwa, sallarki ba ta yankewa, duk ranar da kika ga dama ki shigo Harami ki yi ɗawafi. Mace mai 'ya'ya bakwai ba za ta koma budurwa ba. Ki cire bel ɗin nan ki ci abincinki.

Anti Balki, Madina

Yaya sannu. Wane ganye aka ba ki? Ni sanamakki nake sha, wato filaskonmu na gida, in tafasa shi da citta da lemun tsami. Wallahi kwana uku za ki ga cikin ya lafe. Kuma abu ne da ya zo a maganin Musulunci, ba na bature ba ne.

Maman Sadiƙ, Jidda

Ina jin akwai shi a ciki Anti, don tunda na fara sha banɗaki ya zama wurin zamana. Da safe cikin yakan ɗan lafe, kafin la'asar ya dawo.

Maman Hanan, Riyad

Yaya Maman Sadiƙ, kafin komai, don girman Allah ki ajiye ganyen nan yau ɗin nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 19 a aikin, ni ma kuma ina cikin wannan zango, don haka ba daga nesa nake magana ba.

Anti Balki, ban musa miki ba, sanamakki magani ne, kuma an san shi tun zamanin Annabi (SAW). Amma maganin me? Maganin taurin bayan gida ne, na kwana ɗaya ko biyu. Abin da yake fitarwa ruwa ne da bayan gida, ba ya taɓa kitse ko kaɗan. Shi ya sa cikin yake lafewa da safe ya dawo da yamma. In aka daɗe ana sha kullum yana ƙarar da ruwan jiki da gishirin fotasiyam da zuciya take aiki da shi, hanji kuma ya saba har ya kasa motsi sai da shi. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ta fi kowa shiga haɗari. Jirin da Yaya take ji in ta ɗago daga sujada, ni daga nan nake zarginsa, da kuma rashin karin kumallo.

Ga abin da yake faruwa a jikin. Muna cewa al'ada ta ɗauke in mace ta yi wata 12 a jere ba ta gani ba, kuma galibi tsakanin shekara 45 ne da 55. A shekarun nan sinadarin estrojin da ƙwan mace yake samarwa yana raguwa sosai. Lokacin da yake da yawa, jiki yakan ajiye kitse a ƙugu da cinya da mazaunai. Da ya ragu sai ma'ajiyar ta tashi ta koma ciki. Shi ya sa kika ga cinya ta zube ciki ya fito, alhali nauyinki bai wani canja ba. A lokaci guda tsoka tana raguwa da shekaru, tsoka kuwa ita ce murhun da ke ƙone abinci ko kina zaune. Sai ya zama farantin shinkafar da kike ci kina da 35 bai dame ki ba, yanzu shi ɗin dai yana barin saura.

Kitsen ciki kuma iri biyu ne. Akwai wanda za ki iya kamawa da yatsu a ƙarƙashin fata, teɓa ke nan. Akwai na can ciki wanda yake lulluɓe hanji da hanta, shi ne mai sa ciki ya yi tauri ya turo gaba. Hajiya Inna, a nan ne zan roƙi afuwarki in saɓa miki. Wannan na biyun ba maganar kwalliya ba ce. Shi ne yake hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, aiki yadda ya kamata, yake jawo ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta da ciwon zuciya. Amma Allah da ikonsa, shi ne kuma ya fi saurin amsa motsa jiki da gyaran ci.

Hajiya Inna, Makka

Ba ki saɓa mini ba 'yata, ilimi ne. Amma ita kakar tawa fa?

Maman Hanan, Riyad

Inna, matar da ta ratso Chadi da Sudan a ƙafa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta hau duwatsun Makka da kaya a ka? Jikinta bai san zama ba. Mu kuwa daga mukayyif ɗin ɗaki, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai na mota, daga na mota sai na kanti. Shayinta ma ba na jin ya kai namu sukari.

Hajiya Inna, Makka

Wannan kam gaskiya ne. Har ta rasu ita take wanke kayanta da hannu. Allah ya jiƙanta.

Ummu Usman, Jidda

Amin. Ni a Sudan aka haife ni, a Mai Wurno, aure ya kawo ni nan. Ina so in ƙara wani abu da ba a cika faɗa ba. A can inda na tashi ƙiba ita ce kyan mace. Amarya sai an yi ta ɗura mata madidar hulba da madara da man shanu har ta cika. Wasu ma ba sa tsayawa a nan, ƙwayoyi suke sha na ƙiba, waɗanda asalinsu kotizon ne, wani maganin kumburi mai ƙarfi. Na ga abin da suke yi da idona: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafa ta sirance. Abin da ya sa na kawo shi, yawancinmu masu ciwon gwiwa ne yanzu, kuma akwai haɗe-haɗen maganin sanyin ƙashi da ake kawowa daga gida a leda ko a kwalba ba suna, ka sha ka ji garau cikin kwana biyu. Wata ƙawata shekara guda tana shan irinsa, sai da likita ya tambaye ta ko tana shan kotizon, ta ce a'a, ashe yana ciki. Duk mai shan irin wannan ta kai wa likita ya gani, kuma kada ta yanke shi rana ɗaya da kanta, shi ma yankewar tana da haɗari.

Maman Sadiƙ, Jidda

Alhamdulillah ba na shan komai na gwiwa. Ganyen kuma na zubar yanzun nan. To Maman Hanan, ta ina zan fara? Sikelin nan shi yake karya mini gwiwa kullum.

Maman Hanan, Riyad

Ki tura sikelin ƙarƙashin gado, ki ari tef ɗin tela. Da safe kafin ki ci komai, ki tsaya a miƙe, ki zagaya shi a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya ke nan ga yawancin mutane. Kada ki shanye ciki, ki saki numfashi sannan ki karanta. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya fara ƙaruwa, daga 88 ya yi yawa. Hanya mafi sauƙi ma, awon ya zama bai kai rabin tsayinki ba. Mai tsayin 160 tana neman ƙasa da 80. Sau ɗaya a sati biyu ya isa.

Sannan ki je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a yi miki gwaji kafin ki canja komai. Ki ce a duba sugan wata uku, wanda suke kira tarakumi. Ƙasa da 5.7 lafiya, daga 5.7 zuwa 6.4 an tsaya a bakin ƙofa, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. A duba gudda ta wuya, wato thyroid, ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙone abinci, don in aikinta ya yi sanyi tana kawo ƙiba da kasala, kuma ta fi kama mata a shekarunmu. A duba kitsen jini, da bitamin D, wanda yawancin matan ƙasar nan ba su da isasshe duk da ranar da muke da ita, saboda ba ma shiga cikinta.

Abu ɗaya kuma da nake so kowa a nan ta riƙe, ko ba ta karanta sauran ba. Ba kowane babban ciki ne kitse ba. In ciki ya kumbura cikin 'yan makonni, ko kina ƙoshi da loma biyu, ko ciwon mara ya ƙi tafiya, ko kika ga jini ko ɗigo ɗaya ne bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, wannan ba na shayi ba ne ba na motsa jiki ba ne, na likitan mata ne a satin nan. Sau da yawa ba wani abu ba ne, amma ciwon dajin mahaifa da na ƙwan mace da haka suke sallama. Mai haihuwa da yawa kuma wani lokaci naman cikinta ne ya rabu a tsakiya, ko kaba ce a cibiya. Likita da hannu ma zai gane.

Maman Iman, Makka

Ni tambayata a kan allurar nan ce ta sati-sati. Ozempic ko Mounjaro, duk taron da ka je maganarta ake yi. Maƙwabciyata ta zube sosai da ita. Me zai hana Yaya ta yi kawai ta huta?

Anti Balki, Madina

Ai kuɗinta ba na kowa ba ne. Wata guda ɗaruruwan riyal. Mu da muke aika wa gida?

Maman Hanan, Riyad

Allurar tana aiki, ba zan ɓoye ba. Tana rage jin yunwa, abinci kuma ya daɗe a ciki. Asali don masu ciwon suga aka yi su, daga baya aka ba da izinin irinsu ga masu ƙiba mai yawa. Amma da takardar likita ake ba da ita, akwai waɗanda ba ta halatta gare su ba, tana sa tashin zuciya da amai, kuma cikin abin da yake zubewa har da tsoka, wadda mu ita muke nema mu tsare. In aka daina ba tare da an canja ci da zama ba, yawancin nauyin yana dawowa. Yaya kuwa ba ta ce tana da ƙiba mai yawa ba, wurin ajiyar ne ya canja. A bari gwaji ya fito tukuna.

Wasu za su tambayi maganin maye gurbin estrojin. Shi don zafin nan ne mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da bushewar gaba, kuma yana tsare ƙashi. Ba maganin rama ba ne. Ga yawancin mata 'yan ƙasa da 60, ko waɗanda ba su kai shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa ya fi illarsa, amma ban da wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono ko daskarewar jini a jijiya.

Gwaggo Hajara, Jidda

Bari in ba ku nawa labarin, don ni na riga Maman Sadiƙ shiga, shekarata 58. Da aka ce mini sugana yana bakin ƙofa na yi kwana biyu ban yi barci ba, saboda ciwon nan shi ya ci ƙafar mahaifiyata. Sai na zauna da takarda na rubuta duk abin da ya shiga bakina na kwana uku, ban ɓoye wa kaina komai ba. Na sha mamaki. Ni da nake cewa ba na cin abinci! Shayi kofi biyar a rana, kowanne cokali uku. Gahawa da dabino in baƙi sun zo, kuma gidana ba ya rabuwa da baƙi, musamman lokacin Umara da mutanen gida suke sauka. Tamis, wato gurasa, da ful, wato dafaffen wake, da safe, ful ɗin yana iyo cikin mai. Ranar Juma'a ma'asub, wato gurasa da ayaba a dame, da kirim da zuma. Sai babban, shinkafa kabsa ko bukhari ƙarfe sha ɗaya na dare in maigida ya rufe shago, da lemon gwangwani, in gama in kwanta a kai.

Likitar da ta duba ni ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son babba kada ya wuce kamar ƙaramin cokali shida na sukari a rana. Ni a shayi kaɗai ina shan goma sha biyar. Gwangwanin lemo ɗaya yana da kusan tara. A 2017 gwamnati ta sa wa lemon nan haraji na kashi 50 cikin ɗari, muka yi ta ƙorafin tsada, ba mu daina saye ba.

Ban daina cin komai ba dungurungum, don na san kaina, ba zan ɗore ba. Sukarin shayi na mayar cokali biyu, bayan sati biyu ɗaya, yanzu da na'ana'a kawai nake sha kuma wallahi in an sa mini sukari ba ya shiga. Lemo na bar shi sai ruwa da laban, wato nono. Dabino uku, in ƙirga in rufe kwalin. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne tiren shinkafa. Kun san yadda muke ci, kowa ya sa hannu a tire ɗaya, ba ki san adadin da kika ci ba sai kin ga ƙasan tiren. Sai na koma ɗiba a ƙaramin faranti, rabinsa salak ko ganye, shinkafa kamar cikin tafin hannuna, sauran nama ko kifi. Surukaina sun ɗauka fushi nake da wani. Har ɗana ya zo ya same ni a ɗaki yana tambaya ko matarsa ta yi mini laifi. Da na nuna masa takardar gwajin shi da kansa ya fara zuwa Bangala, kasuwar kifi, yana sayo mini kifi.

Kuma na koma wa abincinmu na gida. Kwaɗon zogale, rama, miyar kuka da kuɓewa ba tare da man ya taso a sama ba, wake, alala, ɗan tuwo madaidaici. A Halaga, kasuwar kayan lambu, babu ganyen da ba za ki samu ba. Ko tsiren nan namu da 'yan Makka suke kira siriya ya fi miki buhun biskit. Cin dare kuma na dawo da shi bayan magariba, in maigida ya dawo in zauna kusa da shi da kofin shayina ya ci nasa.

Shekara ɗaya da rabi, awon cikina ya sauka daga 101 zuwa 90. Bai tafi duka ba, kuma ba na jin zai tafi duka. Amma sugana ya koma daidai, ina hawa benenmu hawa uku ba na tsayawa.

Maman Sadiƙ, Jidda

Gwaggo, kamar a gidana kika kwana. Cin sha ɗaya na dare da shayin nan duk ni ce. Ashe karin kumallon da na bari da daddare nake rama shi ninki biyu.

Maman Iman, Makka

Gwaggo ta yi ƙoƙari, amma a faɗi gaskiya, a ƙasar nan wa yake barci da wuri? Biki ba a sa abinci sai ɗaya na dare ko biyu. Yara in an yi hutu sai bayan asuba suke kwanciya. Ni ga gumin dare, in farka sau uku in canja riga. Da rana kuma ina jin kamar in cinye firij.

Maman Hanan, Riyad

Abin da kika faɗa na ƙarshe ba kwaɗayi ba ne ƙanwata, rashin barci ne. In barci ya gaza, sinadaran da ke sa jin yunwa suna hawa, na ƙoshi su sauka, kuma zaƙi da maiƙo jiki yake nema. Awa bakwai ake so. Ki rage gahawa da shayi daga la'asar, don suna tsananta zafin da gumin ga mata da yawa. In gumin ya hana ki rayuwa, ke ce ya kamata ki yi wa likita maganar wancan maganin na maye gurbin estrojin. Biki kuma ki ci naki a gida kafin ki fita, a can ki taɓa nama da salak don kada a ce kin ƙi.

Anti Balki, Madina

To na ji na sanamakki, na karɓa. Amma motsa jikin fa? Ni na ga ana kwanciya ana ɗago kai sau hamsin don ciki ya koma. Na gwada, bayana ya riƙe kwana huɗu.

Maman Hanan, Riyad

Wannan yana ƙarfafa naman ciki ne kawai, ba ya narkar da kitsen da ke kansa. Jiki ba ya cire kitse daga wurin da aka motsa, daga ko'ina yake ɗiba. Bel ma haka, matsewa yake yi, in kin cire komai ya koma, gumin da yake sawa kuma ruwa ne.

Abu biyu ake so. Tafiya mai ɗan sauri, wadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau, aƙalla minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar. Da kuma aikin ƙarfi sau biyu a sati, wanda mu mata muke gudu muna cewa na maza ne, alhali a shekarunmu shi ne yake riƙe tsoka da ƙashi. Ba sai kin je nadi, wato wurin motsa jiki, ba, ko da yake tun 2017 aka fara ba wuraren motsa jiki na mata lasisi kuma yanzu suna ko'ina. Ki zauna a kujera ki tashi ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta, ki sake. Ki dafa bango ki tura jikinki. Jarkar zamzam mai lita 5 kilo biyar ce, ki rungume ta ki yi zauna-tashin da ita in kin saba. Kuma kowane ci ya kasance da abin gina jiki, ƙwai ko wake ko adas, wato ƙananan waken nan, ko zabadi, wato yogot, ko kifi ko kaza, don tsoka ba ta ginuwa da shayi da burodi.

Ummu Usman, Jidda

Zafin garin nan ne matsala. Daga watan biyar zuwa na goma in kin fita Jidda kamar an lulluɓe ki da jiƙaƙƙen bargo. Ni cikin babban kanti nake tafiyata da safe kafin a cika, in zagaya sau huɗu, ba na ɗaukar jaka don kada in yi sayayya. In sanyi ya shigo sai Kurnish, wato hanyar bakin teku, bayan asuba.

Hajiya Inna, Makka

Mu 'yan Makka Allah ya hutar da mu. Sa'ayi kaɗai wajen kilomita 3 ne, ga ɗawafi a saman bene in an cika. Sai dai ina jan kunnenku, kada a shiga Ɗakin Allah da niyyar rage tumbi. A yi don Allah, lafiyar ta biyo baya. Haka azumin Litinin da Alhamis. Kuma in an sha ruwa kada a rama da sambusa goma. Annabi (SAW) ya ce kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Na san hadisin tun ina yarinya, yau da na karanta bayanin Hajara na ga ni ma ban riƙe shi ba. Nana A'isha ma ai ta yi tsere da shi ta wuce shi, da ta yi jiki daga baya ya wuce ta. Ban taɓa jin an ce ya goranta mata ba.

Maman Iman, Makka

Inna, wannan ta ƙarshe a kai wa mazanmu. Nawa ba ya faɗa da baki, amma in na ɗauki cokali na biyu sai ya dube ni. Shi kuwa nasa tumbin ya riga shi shiga ɗaki, babu mai cewa komai. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Gwaggo Hajara, Jidda

Ki ja shi ku riƙa fita tare 'yata. Namiji in awon cikinsa ya wuce 94 shi ma yana cikin layin. Nawa da farko ya ƙi, da aka gwada shi aka ga hawan jini, yanzu shi yake tashina.

Maman Sadiƙ, Jidda

Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati bakwai, kamar yadda na yi wa Maman Hanan alkawari. Na yi gwajin. Gudda lafiya, likitar mata ta yi hoton ciki ta ce mahaifa lafiya, sai dai naman cikin ya ɗan rabu, ta nuna mini irin motsin da zan yi da wanda zan bari. Bitamin D ya yi ƙasa sosai, an ba ni magani. Tarakumi 6.1. Da na ga lambar jikina ya yi sanyi, don da na biye wa kunya ban kawo maganar nan ba, da har yanzu ganye nake sha.

Awon farko 97 ne, yau da safe 94. Sikeli kilo ɗaya da rabi kawai. Jirin ya tafi tun satin farko da na dawo da karin kumallo, ƙwai biyu da rabin tamis. Sukarin shayi ina kan cokali ɗaya, ban iya sauka ƙasa da haka ba tukuna. Cin dare shi ne har yanzu nake faɗuwa ina tashi, sati biyun da baƙi suka sauka daga Kano duk na koma gidan jiya. Zauna-tashi ina yin goma sha biyu sau uku, jarkar zamzam ɗin dai ban kai gare ta ba.

Ummu Usman, kin ce bayan asuba kike fita Kurnish in sanyi ya shigo. Ɗana ya yarda zai riƙa kai ni Asabar da Talata kafin ya wuce aiki, akwai wurin mutum biyu a motar. In kina so ki yi mini magana ta gefe mu tsayar da inda za mu ɗauke ki.

Ummu Usman, Jidda

Ina so Yaya, Allah ya yi wa yaron albarka. Gwaggo Hajara, wurin ɗayan naki ne in gwiwar ta bar ki. Ki taho da takalmi mai igiya, ban da silifa.